Kare mai tsoro zai iya zama karen taimako?

Tambayarki ta iso ni, 'yar'uwa, kuma sai da na karanta ta sau biyu kafin na ɗauki alƙalami. Kin ce karenki yana da wata 14, kin karɓo shi yana ɗan wata 5. Mai sanyin hali ne, ba ya rabuwa da ke, kuma duk sanda ciwon firgicin nan naki ya taso a gida, shi da kansa yake zuwa ya ɗora kansa a cinyarki har ki dawo hayyacinki. Amma da baƙo ya shigo sai ya laɓe a bayan ƙafafunki, in ƙarfe ya faɗi jikinsa ya hau ɓari, ranar da kika gwada shiga babban kanti da shi kuwa turjewa ya yi a bakin ƙofa. Wani ya ce miki horo zai cire masa wannan duka. Kina so ki ji ko zai iya zama karen taimako, wato karen da aka horar don ya taimaki mai naƙasa ko mai wani ciwo, wanda zai riƙa raka ki duk inda kika sa ƙafa.

Ba zan ɓoye miki ba. In dai aikin fita cikin jama'a ake nufi, kare mai irin halin da kika siffanta da wuya ya kai. Na san ba abin da kike son ji ba ke nan. Sai dai akwai abubuwa biyu ko uku da sukan yi kama da tsoron asali alhali suna wucewa, kuma ya kamata a bincika su kafin a yanke hukunci a kansa. Zan zo kansu. Bari in fara nuna miki dalilin da ya sa na ce da wuya.

Yawancin mutane suna ɗauka wahalar wannan aiki tana cikin dabarun da ake koya wa kare: ɗauko jakar magani, danna makunnin fitila, jawo ƙofa, taɓa kurma in an buga ƙararrawa, kwantawa a kan ƙafafun mai firgici don nauyin jikinsa ya kwantar masa da hankali. Waɗannan su ne masu sauƙin. Kare mai kwaɗayin ɗan nama ko mai son wasa zai koyi yawancinsu cikin 'yan makonni a tsakar ɗaki. Abin da yake cin kusan shekara biyu shi ne ya iya yin su a wurin da bai zaɓa ba, a lokacin da bai shirya ba. Ki kwatanta a ranki: ɗakin jira na asibiti, daɓe sai santsi, warin magani ya cika ko'ina, an turo gadon marar lafiya ya wuce da ƙara dab da hancinsa, yaro ya rugo ya cafki wutsiyarsa, ƙofar gilashi tana buɗe kanta tana rufewa. A daidai wannan lokacin kuma numfashinki ya fara sarƙewa. Karen da ya dace da aikin zai ga duk wannan, ya kau da kai, ya juyo gare ki. Mai tsoro kuwa hankalinsa yana kan hanyar fita. Kada ki ɗauka taurin kai ne ko rashin ƙauna. Tsoro idan ya kama jiki ƙwace hankali yake yi, kuma ke kin fi ni sanin haka.

A wajen karnukan da ke yi wa makafi jagora abin ya ma fi haka nauyi. Ana koya musu ƙin bin umarni idan umarnin zai jefa mai su cikin haɗari. Makaho ya ce a tsallaka, kare ya hango mota tafe, sai ya ƙi motsi ko ya tare gabansa. Dabbar da za ta saɓa wa wanda take bi, a tsakiyar hayaniyar titi, don ta ga abin da shi bai gani ba, sai mai dakakkiyar zuciya.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Ba a neman karen da ba ya firgita, domin babu shi. Abin da nake kallo idan aka kawo mini kare shi ne abin da zai yi bayan firgitar. Nakan bar shi ya saki jiki, ya gama shinshine-shinshinensa, sannan in saki murfin tukunya a ƙasa daga nesa kaɗan, ta bayansa. Kowane kare zai zabura. Wani zai yi tsalle gefe, ya waiwaya, kunnuwansa su miƙe, kafin ki ƙirga biyar ya tako ya sa hanci a kan murfin, ya girgiza jiki, ya koma harkarsa. In na miƙa masa nama ya karɓa. In na sake sakin murfin, wannan karon kunne kawai zai motsa. Wani kuma zai maƙale wutsiya tsakanin cinyoyi, ya koma lungu, ya yi ta haki da lasar hanci, farin idonsa ya bayyana, ya ƙi naman da a gida zai yi rububinsa. Bayan minti goma har yanzu yana satar kallon inda murfin ya faɗi. In na sake saki, firgitar ta biyu ta fi ta farko. Na farkon shi ake nema. Na biyun kuwa, duk ranar da aka fita da shi, abin da ya tsorata shi da safe yana nan a jikinsa har na rana ya zo ya hau kai, na yamma ya ƙaru a bisa. Sinadaran tashin hankali ba sa sauka daga jini nan take. Shi ya sa za ki ga kare ya daure wa abu huɗu, ya zo ya fashe a kan na biyar wanda bai kai ya kawo ba.

Wanda ya ce miki horo zai cire tsoron ya faɗi rabin gaskiya. Horo yana rage tsoron abu takamaimai. Za a iya sa kare ya daina jin tsoron laima, ko babur, ko mai hular kwano, ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri. Amma duniya ba ta ƙarewa da jerin da aka rubuta. Gobe zai gamu da abin da ba a taɓa nuna masa ba, kuma a nan ne halinsa na asali zai fito. Hali zanen dutse ne, ga kare ma haka yake.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane haka, kuma da wahala suka gane. An buɗe makarantar farko ta horar da karnukan jagora a Oldenburg ta ƙasar Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko. A Amurka aka kafa The Seeing Eye a 1929. Da tafiya ta yi tafiya, manyan makarantun suka koma kiwon karnukansu da kansu, suna zaɓen uwa da uba bisa natsuwa da lafiya, suna raba 'yan kwikwiyo ga iyalai tun suna da mako 8 ko kusa da haka, a yi ta yawo da su fiye da shekara guda kafin su dawo horo na ainihi. Duk da wannan tanadi, a makarantu da yawa kusan rabin karnukan ba sa kai wa ga aiki. A farkon shekarun 1980, masu bincike biyu a Ostareliya, Goddard da Beilharz, sun bi diddigin karnukan jagora na can, suka tarar tsoro ne kan gaba cikin halayen da ke sa a cire kare daga horo, kuma kusan rabin bambancin da ke tsakanin karnukan a wannan hali gado ne. Tun kafin su, a shekarun 1960, an yi wani kiwo na gwaji a jihar Arkansas ta Amurka, inda aka ware zuriya biyu daga jinsi ɗaya na karnukan farauta, ɗaya masu sakin jiki, ɗaya masu tsoro. Zuriyar masu tsoron ta riƙa haifar 'ya'yan da sukan sandare wuri ɗaya da sun ga mutum, kuma yawan jan su a jiki bai mayar da su kamar 'yan'uwansu ba.

Bayan gado sai ƙuruciya. Scott da Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo a Bar Harbor ta jihar Maine suka fitar da sakamakonsu a 1965, sun nuna akwai wani ɗan taƙaitaccen lokaci, daga mako 3 zuwa wajen mako 12, da kwikwiyo yake karɓar sabon abu ba tare da fargaba ba. Abin da ya saba da shi a wannan tsakanin yakan zame masa na gida har abada. A cibiyar binciken da suka yi aiki a can, an bar wasu 'yan kwikwiyo ba su yi hulɗa da mutum ba har suka kai mako 14, sai suka tashi suna gudun mutane kamar namun daji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke kin same shi yana ɗan wata 5, wato wannan ƙofar ta riga ta rufe kafin ya zo hannunki. Saboda haka kada ki ɗora wa kanki laifi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wani bincike da aka yi a Finland aka wallafa a 2020, a kan karnuka fiye da 13,000, ya nuna kusan ɗaya cikin uku na fama da tsoron ƙara. Kare mai tsoro kare ne kamar kowane. Aikin ne yake neman wanda ba kasafai ake samu ba.

Akwai wata magana a wasiƙarki da ta tsaya mini a rai. Kin ce kina ganin ya fi kowa fahimtarki domin shi ma ya san tsoro. Na yarda yana karanta ki. Karnuka masu saurin tsorata sukan kasance masu lura ƙwarai, suna ganin canjin numfashi da na tafiya tun kafin mutanen gida su ankara. Wannan baiwa ce ta gaske, kuma ita ce take sa ya zo ya ɗora kai a cinyarki. Amma ki duba inda yake yin haka. A gida ne, inda babu abin da ke barazana gare shi, inda hankalinsa duka naki ne. A waje lissafin juyawa yake yi. Shi yana kallonki don ya san ko akwai haɗari, ya ga jikinki yana rawa, ya ce lallai akwai. Ke kuma ki ji igiya ta yi tauri a hannunki, ki gan shi yana neman wurin ɓuya, hankalinki ya ƙara tashi saboda shi. Kowa na ƙara wa ɗan'uwansa. A 2019 masu bincike a Suwidin sun auna sinadarin kotizol, wanda ke nuna daɗaɗɗen tashin hankali, a gashin karnuka 58 da na matan da ke riƙe da su, suka ga na karnukan yana tafiya tare da na masu su. Mai ciwo irin naki ta fi kowa buƙatar karen da in ta girgiza shi ba zai girgiza ba, wanda za ta jingina da natsuwarsa. Ban ga adalci ba a ɗora wa mai neman mafaka aikin zama mafaka.

Sai ki yi hattara da wani tarko, domin ni na faɗa cikinsa. Shekarun baya na horar da wata karya, ruwa-biyu ce, akwai jinin Labrador a jikinta. Ba ta haushi, ba ta ja, in na shiga wuri da ita sai ta shige ƙarƙashin tebur ta kwanta awa biyu ko motsi babu. Kowa ya gan ta sai ya yaba natsuwarta, ni ma ina jin daɗi. Alamun suna nan a gabana ina kau da ido. In ta tashi daga kan tayil sai in ga sawun tafinta a jiƙe, gumi ne, domin ta tafin ƙafa kare yake gumi. A waje ba ta taɓa karɓar nama daga hannuna ba, sai ta kau da kai a hankali, na riƙa cewa ladabi ne. In muka dawo gida sai ta yi ta barci kamar wadda aka yi wa duka, wani lokacin har da gudawa. Daga baya ta fara shigewa bayan kujera da ta ga na ɗauko rigar aikinta, irin wadda ake sa wa karen taimako in za a fita. Wata bakwai na yi ina gaya wa kaina saura kaɗan. Ranar da idona ya buɗe, muna cikin wata tashar jirgin ƙasa, wani matafiyi ya saki akwatinsa a bayanta. Ta fizge igiyar daga hannuna ta shige ƙarƙashin benci, ta ƙame, idanu a waje, ta saki fitsari a kwance. Na durƙusa ina kiran sunanta, ko kallona ba ta yi ba. Sai da na yi kusan rabin awa a zaune a ƙasa kafin ta rarrafo. Ina zaune ina tunanin da a ce mai keken guragu ne yake riƙe da igiyar nan, a bakin dandamali. Wannan shirun nata da nake yabo, sallamawa ce ta dabbar da ta gane cewa duk abin da ta yi ba za a fitar da ita ba. Masana halayyar dabbobi sun san wannan yanayi tun gwajin da Seligman da Maier suka yi a kan karnuka a 1967. Har yau in na tuna watannin nan bakwai sai zuciyata ta sosu, domin ita ta yi ta gaya mini da duk hanyar da take da ita.

Ita ta ƙame. Wani karen kuwa cizo zai yi. Mafi yawan cizon da na gani a rayuwata daga kare mai tsoro ya fito, wanda aka ƙure shi tura ta kai bango. Karen gida in ya ga abin da ba ya so sai ya bar wurin. Karen taimako yana ɗaure da igiya, a matse tsakanin ƙafafun mutane, hannaye suna miƙowa kansa ba da izini ba. Cizo ɗaya ya isa ya raunata yaro, ya jawo miki shari'a, ya iya zama ajalin karen, ya kuma sa a riƙa hararar duk mai shigowa da karen taimako bayanki. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990 da ƙa'idojin da aka sabunta mata a 2010 ba su wajabta takardar shaida ba, mutum zai iya horar da karensa da kansa, amma sun ba mai wuri ikon cewa a fitar da karen idan ya fi ƙarfin mai shi ko yana ɓata wuri. Makarantun da ke ƙarƙashin ƙungiyar Assistance Dogs International kuwa suna yi wa kare jarrabawar shiga jama'a, kuma gurnani ko nuna haƙora ya isa ya kayar da shi.

To, ga abubuwan da na ce a bincika tukuna.

Na farko ciwo. Kare ba ya cewa ga inda ke yi masa zafi. Ciwon kunne, ciwon haƙori, ciwon ƙugu ko na baya, duk suna sa kare ya zama mai ɗari-ɗari. Masu bincike a jami'ar Lincoln ta Ingila sun nuna a 2018 cewa akwai alaƙa tsakanin ciwon gaɓɓai da tsoron ƙara: ƙara ta sa ya zabura, zaburar ta motsa ciwon, sai ya haɗa ƙarar da zafin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka likitan dabbobi ne zangonki na farko, ya duba shi tun daga kunne har wutsiya, ya gwada ganinsa da jinsa.

Na biyu shekarunsa. Wata 14 tsakiyar tashen balaga ne, kuma karnuka da yawa sukan shiga wani ɗan zango a wannan lokaci da za ki ga kwandon sharar da suka saba wucewa kullum ya zame musu dodo. Wannan yakan wuce cikin makonni in ba a takura musu ba. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: da can yana da sakin jiki sai kwanan nan ya canza, ko tun ranar da ya zo haka yake? In tun farko haka yake, to ba balaga ba ce.

Na uku rashin sabo. Karen da bai taɓa ganin matakalar ƙarfe ba zai yi turus a gabanta, wannan ba komai ba ne. Ana gane shi da saurin ci gabansa. Ran farko ya tsaya, ran na biyu ya taka ɗaya, ran na uku ya haye yana kaɗa wutsiya, in kuma aka kai shi wata matakalar dabam ba ya komawa farko. Mai tsoron asali kuwa za ki yi wata guda kina saba masa da ƙofar kanti ɗaya, ya saba, ki kai shi kantin da ke kusa ya zama kamar ba a taɓa yin komai ba.

Hanyar gane wanne ne a ciki ita ce ki ba shi wata uku zuwa huɗu, ba da niyyar mayar da shi karen taimako ba, da niyyar sauƙaƙa masa rayuwa da ganin iya inda zai kai. Ki ajiye rigar aiki da shiga kantuna gaba ɗaya. Ki nemi tazarar da zai hango abin da yake tsoro amma har yanzu yana iya cin nama yana amsa sunansa. In tazarar nan tsallaken titi ce, to daga can za a fara. Mutum ya bayyana, nama ya fito. Mutum ya wuce, nama ya tsaya. Minti biyar ya isa, ki koma gida tun yana jin daɗi. Idan ya ƙi ci, kin matsa da yawa, ki ja baya. Ki bar shi ya zama shi ne mai ƙara taku, kada igiya ta ja shi gaba, kuma ki hana baƙi miƙo masa hannu ko da da kyakkyawar niyya ne. Bayan ranar da ya sha wuya ki ba shi kwana ɗaya ko biyu na hutu. Ki sami ɗan littafi kina rubutawa: me ya gani, daga wace tazara, ya ci ko bai ci ba, daƙiƙa nawa ko minti nawa ya ɗauka kafin ya saki jiki. Littafin nan yana da muhimmanci, domin zuciya mai so takan tuna ranakun nasara ta manta da sauran. Ni da na riƙe littafi a kan karyar nan, da ban kai wata bakwai ba.

Za a ba ki shawarar ki jefa shi tsakiyar cunkoso ki riƙe shi har ya saba. Kada ki yarda. Ta haka ake samar da irin shirun da na ba ki labari, ko kuma a ninka tsoron. Za a ce ki daka masa tsawa ko ki fizgi igiya in ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, in kika hana shi gargaɗi ba ki cire abin da ke ransa ba, kin dai koya masa ya yi cizo ba sanarwa. Za kuma a ce kada ki lallashe shi in ya tsorata wai za ki ƙara masa. Wannan ba gaskiya ba ne. In ya zo jikinki ki karɓe shi, ki yi masa magana da murya a kwance, ki fitar da shi daga wurin. Idan tsoron ya kai ga hana shi barci ko ci, akwai magungunan da likitan dabbobi kan rubuta, kuma suna taimakawa ƙwarai tare da horo. Amma don jin daɗin rayuwarsa ake ba shi. Karen da sai da magani zai iya jure wa kanti ya riga ya ba ki amsar tambayarki.

Bayan watannin nan ki buɗe littafin. Abin da zai sa in ce a ci gaba shi ne in ga yana cin abinci a wurin da bai taɓa zuwa ba, yana warwarewa daga firgita cikin daƙiƙu, yana zuwa da ƙafarsa ya duba abin da ya ba shi tsoro, yana iya yi miki aikin da ya koya alhali ana hayaniya a gefe, kuma in ya ga kin ɗauko igiya yana rugowa jikinsa a sake. In haka ta samu, ki nemi ƙwararren mai horarwa wanda ba ya aiki da duka ko abin wuya mai ba da zafi, ya gwada shi a wuraren da bai sani ba. Ki zaɓi wanda kika san zai iya ce miki a'a. In kuwa littafin ya nuna ci gaban yana tafiyar hawainiya, kowane sabon wuri sai an koma farko, to ki karɓi abin da ya nuna.

Ko da hakan ta kasance, aikinsa bai ƙare ba. Karyar da na ba ki labari ta koma hannun wata dattijuwa mai ciwon gaɓɓai wadda ba ta cika fita ba. Tana ɗauko mata abin da ya faɗi, tana kawo mata waya, tana jawo mata kwandon wanki. Da na je ganinta bayan 'yan watanni, ta tarye ni a bakin ƙofa da takalmi a baki, duk bayanta yana kaɗawa tare da wutsiyar. Ban taɓa ganin ta haka ba a duk zamanta da ni. Naki ma zai iya koyon abubuwa da yawa a cikin gida, kuma ya riga ya fara da kansa. Ɗora kan nan da yake yi, ki sa masa kalma, ki saka masa duk sanda ya yi, har ya zama in kin kira zai zo ya kwanta a ƙafafunki ya zauna har sai kin sallame shi. Ki koya masa ɗauko jakar maganinki, da zuwa ya taso wani a gidan in kin ce ya je. Koyon irin waɗannan ayyuka ma yakan ƙara wa kare mai tsoro ƙarfin zuciya.

Don fita waje kuwa, in likitanki ya ga karen taimako zai amfane ki, sai a nemi wani daban. Ko ta hannun makarantar da aka sani, ko ki zaɓi wanda ya riga ya girma, ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda halinsa ya gama bayyana. Gwajin da ake yi wa kwikwiyo ɗan mako 7 ba ya faɗin yadda zai zama in ya girma sai kaɗan. In kwikwiyo za ki ɗauka, ki dage sai kin ga uwarsa, ki ga yadda take karɓar baƙo, ki tambayi inda aka rene su da abin da suka saba ji da gani. Kuma a watannin farko ki riƙa fita da shi shi kaɗai, kada ya koyi ɗari-ɗari daga babban.

A wannan makon abu biyu nake so ki yi. Ki kai shi wurin likitan dabbobi. Sannan ki sa wani ya ɗauki muku gajeren bidiyo guda uku da waya: ɗaya a gida yana sake, ɗaya lokacin da baƙo ya shigo, ɗaya a bakin titi daga nesa. A ɗauka daga gefe yadda za a ga jikinsa duka, kunnuwa da baki da wutsiya, kuma kada a tsayar da ɗaukar da zarar ya firgita, a bar ta ta ci gaba minti biyu bayan nan. Waɗannan minti biyun nake so in gani.